Ni Ke Kallo, Direkta Ke Sharhi

Yau kwana tara ke nan hankalina ba ya jikina. In na kwaɓa ƙullun ƙosai sai in manta ko na sa gishiri, in ƙara, har masu saye sun fara tambayata ko lafiya. Lafiyata lau. Auren ɗana ne ke lilo, kuma abin da ya jawo haka wani fim ne na mutanen da ke yawo a sararin samaniya, waɗanda ba su san akwai wani gari wai shi Tasawa ba, balle su san da ni. Sunana Kubra, ina tuya a bakin tasha. A aji biyar na bar lakwal, saboda haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, ku dubi maganar.

Yaron ɗan fari ne, ba na kama sunanshi. Shekarunshi ashirin da tara, kabu-kabu yake yi, kuma duk gari Direkta ake ce mishi. Ba wanda ya naɗa shi. Shi ya rubuta da fenti a bayan babur ɗinshi, mutane suka bi. A faɗarshi, daga Tasawa har Mayahi babu wanda ya san fim kamar shi, kuma da a Turai aka haife shi da sai an nemi izininshi kafin a kunna kyamara. In ya ɗauki fasinja, kafin su isa ya zayyana mishi kurakuran fim uku, ko da mutumin gaisuwar mutuwa za shi.

To akwai abin da ni kaɗai na sani. Yaron nan yana da jiri. A kan babur ba ya jin komai, tunda shi ke riƙe da kai. Amma abu ya riƙa juyawa a gabanshi, shi ke nan, cikinshi ya tashi. Tun yana ƙarami in na aike shi niƙa baya yake juya wa injin. Ko fanka ba ya ɗaga kai ya kalla. Finafinan soyayya da na ban dariya ba su taɓa ba shi wahala ba, tunda mutanen ciki a ƙasa suke tsaye kamar bayin Allah.

Sai ga wannan fim. Sunanshi na Turanci ba mai iya faɗa, mu nan Masu Hular Kwano muke ce mishi, don kowa a ciki yana sanye da irin hular da ake fama da 'yan kabu-kabu su sa. Kashi na ɗaya ya fito shekara uku da suka wuce, wancan kam, Direkta ya tsallake shi da "haka ne" da "ai ni na faɗa tun farko". Bana da kaka kashi na biyu ya iso a memori, gari ya rabu biyu.

Masoyan fim ɗin suna bayan Gado mai gidan kallo, wanda ya ce ya kalla sau bakwai kuma kowane kallo sai tsigar jikinshi ta tashi. Masu suka suna bayan Mushe Ashiru na garin Urafane, tsohon malamin lakwal da ya ajiye aiki, Mushe kuwa shi ne yadda muke kiran malaman lakwal. Shi yana karanta abin da masu sharhi na ƙasashen waje suka rubuta a salularshi, ya fassara wa jama'a: wai ƙara ta yi yawa ma'ana ta yi kaɗan, wai awa uku ba ƙarshe, an yi shi ne kawai don a ja mutane zuwa na uku. A majalisar shayi maganar ke nan, a wurin aski ita ce, a layin shan esansi, wato fetur, ma ita ce. Wani tela a unguwarmu ya mayar wa maƙwabcinshi yadi bai ɗinka ba, saboda mutumin ya ce fim ɗin barci ya sa shi.

Mushe Ashiru kuwa shi ne mahaifin Hafiza, yarinyar da ɗana ke nema. An yi tambaya, an kai goro, saura sa rana, ya ce a bari a gama shigar da gero. Mutum ne da har yau jan bik, biron nan na gyaran jarrabawa, ba ya barin aljihunshi. In kana magana yana dubanka kamar zai ba ka maki.

Nan Direkta ya ga hanya. Akwai wani guruf na Wasaf da duk masu gardamar ke ciki, mutum ya fi ɗari uku. Ya aika bokal, wato saƙon murya, ya ce masoya da masu suka duk su ajiye makamai, shi zai fitar da sharhi na ƙarshe wanda bayanshi ba mai sake buɗe baki. Ni kuma ya ce mini in fara neman anko, don ranar da surukinshi ya ji zurfin iliminshi da kanshi zai biyo shi da rana.

Ya sa memori a salula ya shiga ɗaki. Ban gama wanke wake ba na ji motsi a bayan randa. Na leƙa na same shi durƙushe ya rungume ta, ido rufe. Ashe mutanen fim ɗin cikin wani jirgi suke zaune, tsawonshi ya kai daga nan zuwa Mayahi, kuma jirgin juyawa yake ba tsayawa tun daga farko har ƙarshe.

Da ya sha ruwa ya dawo hayyacinshi, ya miƙo mini salular.

"Inna, ke za ki zama idona. Ki kalla ki ba ni labari. Ilimin ai yana nan a kaina, abin zubawa kawai nake so."

Na ce ni da furfurata me ya haɗa ni da mutanen sama? Ya ce to shi ke nan, ya riga ya yi alkawari gaban mutum ɗari uku, har da mahaifin Hafiza. Na tuna Hafiza, yarinyar da in ta zo gaishe ni sai ta karɓe matankaɗi daga hannuna. Na karɓi salular.

Kwana huɗu na yi ina kallo. Nakan jingina ta da gwangwanin yaji, ina aiki ina leƙe. Maganarsu ba na ji. Akwai rubutun Faransanci a ƙasa, amma ƙanana ne kamar tururuwa, ga gilashin salular ya tsage ta daidai wurin. Sai na raɗa musu suna da kaina. Jarumin na ce mishi Dogo. Akwai wata tsohuwa mai hannun ƙarfe da ke bin shi duk inda ya je, tana gyara mishi hula, tana mishi faɗa, in ya ji ciwo ita ce a kanshi. Wannan ba sai an gaya mini ba, uwarshi ce. Wani wurin mai saye ya zo ya wuce ni, wani wurin akuya ta sa kai a wake na bi ta, wani wurin an kira salla. Abin da ya wuce ni nakan cike shi da hankali.

Ranar farko da ya tambaye ni yadda na gani, na ce ni dai abu ɗaya ya dame ni: tun da na fara kallo ban ga an ɗora tukunya ba. Ba wanda ya zauna ya ci abinci da wani, ba wanda ya gaida wani. Mutanen da ba sa cin abinci tare, in sun mutu wa zai yi musu kuka?

Ya yi tsaki ya ce wannan maganar mata ce. Da la'asar na ji ta a bokal, da muryarshi, ya ƙara mata "bisa dogon nazarin da na yi".

Jama'a, maganar nan ta yi tafiya. Har garin Gidan Amumune aka tura ta. Mushe Ashiru da kanshi ya aiko amsa, kalma ɗaya ta Faransanci, wai abin ya ja hankalinshi: "Intéressant." Direkta ya kunna mini ita ta fi sau ashirin, ya ce a bakin Mushe wannan daidai take da a ce an ɗaura aure. Ya je ya ƙara rubutu a bayan babur: Direkta, Ƙarshen Gardama.

Bokal na biyu ya yi shi a kan biyayyar Dogo ga mahaifiyarshi. Gado ya tambaya, wace mahaifiya? Direkta ya ce wanda ya kalli fim sau bakwai bai ga uwa ba, ko ya kalla sau saba'in ba zai gani ba. Aka yi ta dariya, Gado ya haɗiye.

Na uku ne ya jawo mana. Gaskiyar magana, ban kalli ƙarshen fim ɗin ba. Na kai inda Dogo ya ɗaga wa tsohuwar murya, ya ture hannunta, ya sa hularshi zai fita waje cikin duhun nan da ba ƙasa ba sama. Zuciyata ta kasa. Na kashe salular na kifa ta. Da yaron ya dawo ya tambaye ni ƙarshe, sai na ji bakina yana cewa Dogo ya dawo, ya durƙusa ya nemi gafara, jirgin ya sauka a wata ƙasa mai jigawa, suka shuka gero, ruwa ya sauko, aka yi mishi aure. Ni a ganina haka ya kamata a yi, kuma ban ga dalilin da zai hana masu fim su yi hakan ba.

Direkta ya zuba wannan a guruf, har da cewa wurin saukar ruwan ya sa shi hawaye.

Salularshi ta yi ta ƙara kamar za ta fashe. Masoya suka ce ƙarya, masu suka suka ce ƙarya. Abin da suke ta faɗa a kai wata guda shi ne fim ɗin ba shi da ƙarshe, yanzu ga wani ya zo da damina. Wani mai hankali da nan zai ce kuskure ne. Nawa ya gyara murya ya ce nasu na 'yan kasuwa ne, an yanke shi. Nashi na asali ne, wani abokinshi a Turai ya turo mishi daga hannun masu fim ɗin. Gado ya ce to a kawo a gani, shi zai ba da tele da batir. Mushe Ashiru ya ce a yi a Urafane ranar kasuwa, bayan azahar, shi zai sa a kafa rumfa. Direkta ya ce ya yarda, kuma don a san bambancin gwani da ɗan koyo, shi zai fassara fim ɗin da Hausa tun daga farko har ƙarshe, yana zaune ya juya wa tele baya.

Washegari da hantsi na zaunar da shi na gaya mishi gaskiya, geron nan ni na shuka shi. Na zaci zai faɗi. Sai ya ce ba komai, ya san batirin Gado kamar yadda ya san babur ɗinshi: awa biyu da rabi yake yi ya mutu, fim kuwa awa uku ne. Kafin a kai ƙarshe wuta ta ɗauke, laifi ya koma kan Gado. Sauran kuma mai sauƙi ne. Ni zan kafa kaskona a bakin rumfa kamar mai neman kasuwa, inda zan riƙa hango tele ta tsakanin zana. Tari ɗaya, ana faɗa. Tari biyu, ana maganar zuci, ko kuka ko soyayya. Tari uku, jirgi na juyawa, kada ya kuskura ya waiga.

Na ce mu je mu ba Mushe haƙuri tun abin bai yi nisa ba. Ya ce manyan masu sharhi ba sa ba da haƙuri, ƙarin bayani suke yi.

Ranar kasuwa ya goya ni a babur, ni da kasko da bokitin ƙullu. Ya sa rigar ruwa baƙa har ƙasa, a wannan zafin, ya kife hular kwano wadda bai taɓa sawa ba tun da ya saye ta, wai don ya yi kama da Dogo. Mun iske rumfar zana an lulluɓe ta da tamfol don ta yi duhu, cike maƙil. Masoya a dama, masu suka a hagu, 'yan kasuwar da ba su san me ake ciki ba a baya. Mushe Ashiru a gaba kan kujerar roba, da littafi da jan bik. Na gaishe shi daga nesa, kaina a ƙasa, kamar yadda ya dace da surukai, na je na kafa murhu.

Itacen da na samu karan gero ne sabon yanka, bai gama bushewa ba.

Aka kunna. Direkta ya zauna a kan benci yana fuskantar jama'a, makirfo a hannu, ya buɗe gilashin hular ya fara. Gaskiya farkon ya yi daɗi, don yaron Allah ya ba shi baki. Sai hayaƙi ya turnuƙe ni. Na danne, na danne, tari ya ƙwace guda ɗaya.

"Ga shi nan an kaure!" in ji Direkta. "Dogo ya ce yau ko ni ko ku."

A tele kuwa Dogo barci yake, an rufe shi da bargo.

Gado ya ce wane irin faɗa ne wannan da ake yi a kwance? Direkta ya ce faɗan cikin mafarki ne, sai mai zurfin kallo ke ganinshi. Mushe ya rubuta wani abu.

Na yi ƙoƙarin gyarawa. Da aka zo faɗan gaske na yi tari ɗaya mai kyau, hayaƙi ya ƙara mini na biyu. Ana ta harbe-harbe, wuta na tashi, mutane na faɗuwa, ɗana ya sassauta murya yana cewa, "Ya ce mata, tun ranar da na gan ki ban ƙara cin abinci na ƙoshi ba." Wani mahauci a baya ya tambaya ko a can sama haka ake zance, da bindiga.

Sannan akwai wani tsoho, Ɗan Malam mai sayar da igiya, da ya zauna kusa da ƙofa. Tarinshi ya fi shekara goma, duk Urafane an san shi da shi. Hular kwano ta toshe wa Direkta kunne, ba ya bambanta nawa da na tsohon. In na yi ɗaya, Ɗan Malam ya cika ya zama biyu. In na yi shiru, shi ya yi uku. Na aika mishi ƙosai kyauta don bakinshi ya samu aiki, yaji ya sarƙe shi, abin ya ƙaru.

Can aka nuno tsohuwa mai hannun ƙarfe. Wannan wurin yana cikin waɗanda akuya ta sa suka wuce ni. Na ga an kwantar da ita rub da ciki, an buɗe bayanta kamar murfin akwati, ga wayoyi ja da kore.

"Direkta," in ji Gado, "ga mahaifiyar tashi an buɗe ta ana sa mata waya."

"Asibiti ne. A can haka ake ƙarin ruwa."

"Inji ce, malam. Ita ke tuƙa jirgin."

"To uwa ba ta tuƙi? Kai taka ba ita ke tuƙa ka ba har yau?"

Aka kwashe da dariya, har ɓangaren Gado. Na ga kafaɗar yaron ta ɗaga. Ni kuwa na shagala, ƙosai na ƙonewa.

Awa biyu da rabi ta cika. Direkta ya fara jan magana yana satar duban agogo. Hoton tele ya dushe, ya yi ƙyaf-ƙyaf. Na ce alhamdu lillahi a zuciyata. Sai ga Hafiza ta kutso ta gefen rumfa, ita da wani ɗan uwanta, suna rinjayar wani ƙaton batir. Ashe ta ji ana cewa na Gado ba ya kai awa uku, ta ce ba za a yanke wa wanda za ta aura ranar girmanshi ba, ta je ta aro na maƙwabta ta sa aka cika shi da pano mai hasken rana tun jiya. Kafin hoton ya mutu an sauya waya. Tele ya dawo tangaran, ya fi da haske. Ta waigo ta yi mini murmushi.

Na miƙe ban san na miƙe ba. Gwiwar hannuna ta bugi gwangwanin yaji, ya kife cikin garwashi.

Wanda ya taɓa shaƙar hayaƙin barkono ya san sauran. Iska ta kwashe shi ta tura cikin rumfar da aka toshe ko'ina da tamfol. Mutum sama da ɗari suka kama tari lokaci guda. Direkta ya ji ɗaya, ya ji biyu, ya ji uku, ya ji hamsin. Ya miƙe tsaye da makirfo yana cewa ana faɗa, ana kuka, ana soyayya, jirgi na juyawa, kowa ya riƙe na kusa da shi. Da ya ga ba mafita sai ya zabura ya shiga ƙarshen labari: ga jigawa, ga Dogo ya durƙusa gaban uwarshi, ga hadari ya haɗo daga gabas, ga gero ya fito kore shar.

Mushe Ashiru bai motsa daga kujerarshi ba. Ya rufe hanci da hankici, hawaye na zuba, ya ɗaga jan bik ɗin nan sama kamar a aji. Tarin ya lafa kaɗan.

"Bon. Juyo ka nuna mana geron da yatsa."

"Mushe, ai gwani ba ya waige."

"Yau zai waiga."

Na yi tari uku da duk ƙarfina. Ɗan Malam ya ƙara ɗaya.

Ya juya. A tele Dogo na rataye da igiya cikin duhu, wuƙa a hannunshi, bayanshi kuma jirgin nan ya cika gilashi yana wulwulawa. Yaron ya tsaya kamar an dasa shi. Ya ce "Inna" a makirfo, duk kasuwa ta ji. Ya yi taku biyu gefe, ya yi uku baya, ya laluba ya kama abin da ya samu, wato ginshiƙin tsakiyar rumfa, ya tafi da shi ƙasa. Zana da tamfol suka rufto kan masoya da masu suka ba bambanci. Tele ya mutu. 'Yan kasuwar dabbobi suka sheƙo suna tambaya ko gobara ce. Aka yi ta jawo mutane ɗaya-ɗaya, ba wanda ya ji ciwo, sai Direkta da aka zaro daga ƙarshe, aka cire mishi hula aka tarar furar da ya sha da safe ta riga shi fitowa.

Abin da ya yi alkawari dai ya cika, gardama ta ƙare. A ranar aka ga Gado da Mushe Ashiru suna shan shayi a tabarma ɗaya, karo na farko cikin wata guda, sun samu abin da suka yarda da shi su biyu. Ban san ta inda sirrin tarin ya fita ba, amma yanzu a Tasawa in ɗana ya wuce a babur sai majalisa ta yi tari ɗaya. In ya ɗauki mace, biyu. Wani ya bi bayan babur ɗin ya goge "Gardama" ya bar "Direkta, Ƙarshen". Tsofaffin matan Urafane kaɗai ke bayanshi, sun ce nashi ƙarshen ya fi, a kawo musu wanda aka yi ruwa.

Kwana uku bayan haka Hafiza ta zo. Na kasa haɗa ido da ita. Ta karɓe matankaɗi kamar kullum, tana tankaɗe tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce ita ta san da jirin tun ranar da ya zo zance aka kunna fanka ya koma yana yi wa bango magana, kuma ita ba mai sharhi take so ba, shi take so. Sannan ta ba ni saƙon mahaifinta.

Mushe ya ce jiri ba laifi ba ne, ƙarya ce laifi. Ya ce ya duba littafinshi, duk abin da yaron ya faɗa ya ja mishi jan layi, sai magana ɗaya, ta tukunya da cin abinci tare. Wai ya karanta masu sharhi na Turai sun fi ashirin, ba wanda ya ga wannan, kuma wanda ya gan shi da ido buɗe ya yi kallo, kuma mutum ne mai dafa wa wasu abinci. Yana so mai maganar ya zo zaurenshi su kalli rabin awar da ta rage tare, su tattauna. Ranar da aka yi haka zai sa rana. In ba a zo ba, auren ya jira fitowar kashi na uku, wanda aka ce sai nan da shekara huɗu. Ya ba da wa'adi zuwa kasuwa ta biyu, saura kwana biyar ke nan.

Hafiza ba ta ce ta san ko wane ne ba. Ta dai dubi gwangwanin yajin da ya ƙone, ta dubi ni, ta ci gaba da tankaɗe.

Direkta ya roƙe ni kada in je. Ya ce maganar tukunya ita kaɗai ta rage mishi a garin nan, in aka ji tawa ce sai ya koma Mayahi da zama. Ya ce in ba shi kwana uku, yana da wani sabon shiri da ya fi na farko, har ya fara tambayar inda ake samun rawani da baƙin tabarau. Tun da na ji haka gishirina ya rikice.

Ga kuma kunya. Ni da ko sunan Mushe ba na faɗa a gabanshi, in shiga zaurenshi in zauna muna kallon tele ɗaya? Me matan islamiyyarmu za su ce, an ji Kubra ta kwana huɗu tana bin mutanen sama?

Amma duk wannan zan iya daurewa saboda yaran nan. Abin da ya fi tsorata ni daban ne. Hafiza ta ce mahaifinta ya tsaya kai da fata cewa tsohuwar nan inji ce kawai, kuma babban kuskuren fim ɗin shi ne ɓata lokaci a kanta. Ni kuwa na ga yadda take gyara wa Dogo hula. Na ga yadda ta bi shi har ƙofa yana ture ta, ta san shirme zai yi, ba ta fasa bin shi ba. A buɗe bayanta a ga waya ko a ga kara, wannan uwa ce. Na san halina. In ya faɗi haka a gabana, surukuta ko ba surukuta ba, ba zan iya yin shiru ba, kuma an ce Mushe bai taɓa yafe wa wanda ya kayar da shi a gardama ba.

To ku da kuka fi ni karatu, ku ba ni shawara. In zauna gida in bar Direkta da rawaninshi? Ko in je in yarda inji ce, a sa rana? Ko in je in gaya wa Mushe gaskiya, ya ɗauko jan bik?